Tsakanin Ƙaddara Da Sakaci: Mas'alar Matar Soja Mai Takardar Jinya

Daga cikin mas'alolin da zamani ya haifar, waɗanda malamanmu na dā ba su tarar da su da wannan siffa ba, ko da yake sun bar mana ƙa'idojin da za a auna su da su, akwai ta yarinyar da ta shafe shekara 3 a makarantar koyon aikin jinya, ta ci jarrabawar Hukumar Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, ta karɓi lasisinta, sa'an nan tun ba ta kai ga sa farar riga da sunan aiki ba aka ɗaura mata aure da soja, mutumin da ba shi da ikon zaɓen garin da zai kwana. Bana yana barikin Bukavu a Kano, baɗi sigina ta fito an tura shi Rukuba a Jos, ko Giginya a Sakkwato, ko ma Inugu inda runduna ta 82 take, ita kuwa ta naɗe tabarma da tukwane ta bi shi, ta sake soma neman aiki daga farko a garin da ba ta san kowa ba. Idan ta gaji da yawo ta koma ɗaki, abin da kowa ke ce mata, daga uwarta har Magajiyar bariki, shi ne: ki yi haƙuri, rabo ne bai yi ba. Abin da nake so mu duba shi ne ko wannan jawabi, wanda gaskiya ne a kan kansa, ya isa ya sauke nauyi daga wuyan kowa.

Na san wata irin wannan baiwar Allah, ɗiyar maƙwabta, wadda ta je wani asibitin kuɗi da takardunta a cikin jakar leda, an jera su bisa tsari, har da hoto guda biyu. Mai asibitin ya duba, ya yaba da sakamakon, ya tambaye ta yadda ake lissafin ɗigon ruwan da ake ƙara wa majinyaci, ta amsa daidai. Har ya ɗauki alƙalami, sai ya ce, “Malama, maigidan fa, wace sana'a yake yi?” Ta ce soja ne. Ya mai da murfin alƙalamin, ya ce, “To, Allah ya tsare mana su. Sai dai ku ba a sanin ranar tashinku. In mun koya miki aiki wata shida aka ɗauke ku, mun yi wa wani wahala ke nan. Bar lambarki, ma neme ki.” Ba su neme ta ba. A ma'aikatar jiha kuma abin da aka fara tambayarta shi ne takardar shaidar zama 'yar asalin jihar, alhali ita an haife ta a wata jiha, mijinta ɗan wata ne dabam, barikin da suke zaune kuma yana cikin ta uku. Sabuwar ma'aikaciya ce, ana ce mata sai mai gogewa ake so, gogewar kuwa ba ta samuwa sai an ɗauki mutum.

Babu Musulmin da zai yi jayayya a kan cewa arziki rubutacce ne, kuma ba a ɗaure yake da wani gari ba, balle a ce wanda ya bar Kano ya bar rabonsa a can. Amma Ahlus Sunna, tun daga magabata, ba su taɓa ɗaukar imani da ƙaddara a matsayin dalilin barin sababi ba, kuma ba su yarda a kafa hujja da ita don wanke mai laifi daga laifinsa ba. Mutum yana rarrashin kansa da ƙaddara a kan musibar da ta same shi, ba ya kāre kansa da ita a kan sakacin da ya yi. Saboda haka kalmar haƙuri tana da kyau a bakin uwa mai share wa ɗiyarta hawaye, amma tana da muni ƙwarai a bakin wanda yake da ikon buɗe ƙofa ya ƙi, sa'an nan ya jingina rufewarta ga Allah.

Ita matar, ina ganin babu abin koyi da ya fi dacewa da halinta kamar Nana Hajara, wadda mijinta Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya kai ta wani kwari da babu shuka babu ruwa, ba don son ransa ba sai don bin umurni, ya juya ya tafi. Da ta tabbatar umurnin Ubangiji ne zuciyarta ta natsu, amma natsuwar ba ta zaunar da ita ba, domin da guzuri ya ƙare tashi ta yi tana kai da kawowa tsakanin Safa da Marwa har sau bakwai, ruwan kuma bai ɓullo a kan ko ɗaya daga duwatsun da ta hau ba, sai a wurin da ta ajiye jaririnta. Duk da haka Allah bai mai da wannan gudu aikin banza ba, ya sanya shi cikin ayyukan Hajji da Umra har zuwa tashin Ƙiyama. Ba na daidaita umurnin hafsan soja da wahayi, Allah ya kiyashe ni. Abin da nake ɗauka daga ƙissar shi ne cewa takardar neman aikin da aka kai ba a amsa ba ba ta faɗi ƙasa banza ba, kuma yarinyar da ta ci gaba da sabunta lasisinta, tana bitar littattafanta, tana zuwa ƙaramin asibitin bariki ko da taimako ne don kada hannunta ya manta neman jijiya, tawakkalinta ya fi cika bisa ga na wadda ta kulle takardar a ƙasan akwati ta ce ta bar wa Allah.

Game da miji, fuƙaha'unmu na Malikiyya sun ba shi damar tafiya da matarsa zuwa inda ya koma, da sharuɗɗan da suka haɗa da amincin hanya da na garin, da kasancewarsa amintacce a kanta. Wannan ba abin musu ba ne, kuma yawancin matan sojoji ba sa neman a raba su da mazajensu, musamman da yake sun san zafin zaman jiran wanda aka tura bakin daga a yankin Maiduguri. Amma wanda ya auri yarinya yana sane da karatunta, ya yi wa waliyyinta alkawarin za ta yi aiki, to cika alkawari yana kansa ta fuskar addini ko da alƙali bai tilasta shi ba, kuma mafi ƙarancin abin da zai yi shi ne ya sanar da ita da wuri in ya ji ƙishin-ƙishin canji, ya bar ta ta ƙarasa watannin da za su ba ta takardar shaidar aiki, ko da hakan na nufin ya riga ta isa sabon bariki.

Nauyi mafi girma, a ganina, yana kan jama'a ne da masu riƙe da al'amuranta. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya lissafa ilmin likitanci cikin farillan kifaya a farkon Ihya'u Ulumid Din, har ya koka da yadda mutanen zamaninsa suka yi rububin ilmin saɓani da jayayya suka bar garuruwa babu likita Musulmi. Ma'anar farillar kifaya kuwa ita ce idan ba a sami waɗanda suka wadatar ba, zunubi yana hawa kan duk wanda yake da iko bai yi ba. Jinya tana cikin wannan hukunci ba tare da shakka ba, kuma tana da asali a zamanin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, domin a hemar Rufaida Ba'aslamiya, cikin masallacin Madina, aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan kibiya ta same shi a yaƙin Handaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira. Ashe jinyar mayaƙa ma da mace aka san ta tun farko.

To, mu dubi halin da muke ciki. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya Nijeriya cikin ƙasashe 55 da ƙarancin ma'aikatan lafiyarsu ya kai matsayin da ake gargaɗin ƙasashe masu arziki kada su riƙa zuwa ɗibarsu, ga kuma waɗanda suka goge suna ta ficewa zuwa Ingila da Saudiyya. A ƙauyukanmu mace takan yi doguwar naƙuda a gida saboda ita ko mijinta ba su yarda namiji ya karɓi haihuwa ba, macen da za ta karɓa kuwa babu ita. A cikin wannan hali ne ake mai da ƙwararriya gida don kakanta ba a jihar aka binne shi ba. Lasisin da ke hannunta na ƙasa ne baki ɗaya, mijinta kuma jininsa yake bayarwa don tsaron jihar da ta ƙi ɗaukar matarsa, majinyacin da ke kwance yana jiran allura kuwa ban taɓa jin ya tambayi asalin mai yi masa ba. Uzurin mai asibitin kuɗi yana da ɗan kama hankali, tun da dukiyarsa yake tsaro, amma shekara biyu na aikin mutum nagari ba asara ba ce, kuma wadda ba matar soja ba ma babu wanda ya ba shi tabbacin zamanta.

Akwai wata ɓarna da ke biyo bayan wannan, wadda ita ce ta fi tayar mini da hankali. Idan an san akwai nas a layin gidajen bariki, dare bai raba ba za a ƙwanƙwasa mata ƙofa, wannan ɗanta ya yi zafi, waccan tana son a sa mata ruwa. Kunya da tausayi, wani lokaci har da buƙatar 'yan kuɗin cefane, su sa ta fara yin allura a ɗaki ba likita a kanta, ba babbar ma'aikaciya da za ta gyara mata kuskure, alhali ita sabuwa ce, shekarunta na farko su ne waɗanda ta fi buƙatar ido a kanta. In aka sami akasi ita kaɗai za a kama.

Gyaran ba ya buƙatar sabon gini. Rundunar soja tana da manyan asibitoci irin na 44 da ke Kaduna da na 68 da ke Yaba a Legas, kuma da wuya a sami babban bariki da ba shi da wurin duba marasa lafiya. Da za a riƙe rajistar matan sojoji masu lasisin jinya da ungozoma, a ba su shekarar farko ta aiki a ƙarƙashin kulawa, sa'an nan idan an yi wa miji canji a tura fayil ɗin matar tare da nasa, jihohi kuma su karɓi takardar zama a bariki a madadin ta asali, ko da a kan kwantiragi ne, da an rage ɗakunan haihuwa da yawa da ake rufewa da magariba don babu mai kwana a cikinsu. Ƙungiyoyin matan hafsoshi da na ƙananan sojoji suna da bakin da ake ji a wajen manya, kuma su suka fi kowa sanin gida nawa ne a kowane layi ke da irin wannan takarda a ajiye.