Gani da Ji a Ajin Kimiyya: Taskokin Ilimi na Intanet da Amanar Malami

Tambaya ce daɗaɗɗiya a tsakanin masana falsafa da malaman addini ko ilimi yana iya ƙaura daga rubutu zuwa zuciyar ɗalibi ba tare da wani mutum ya tsaya a tsakani ba. Aflatun, a tattaunawarsa mai suna Phaedrus, ya sanya a bakin malaminsa Sukurat ƙorafin cewa rubutu ba ya amsa tambaya kuma ba ya zaɓen wanda zai yi wa magana, yayin da malaman Musulunci suka kafa tsarin isnadi, wato jerin mutanen da ilimi ya bi ta hannunsu, da kuma ijaza, wadda ita ce izinin da malami ke bai wa almajiri ya karantar da abin da ya ɗauka a wurinsa. Wannan tambaya ta sake tasowa a wurin da ba a zata ba, wato a ajin fiziks da kemistiri da lissafi na makarantar sakandare, tun bayan da taskokin ilimi na intanet suka zama abin da malamai ke komawa gare shi idan za su shirya darasi.

Abin da ake nufi da irin wannan taska shi ne tarin littattafai, da tsare-tsaren darussa, da hotuna masu motsi, da tambayoyin gwaji, waɗanda aka tace aka jera bisa fanni da matakin aji, ta yadda malami zai iya lalubo abin da yake buƙata ba tare da ya yi ta yawo cikin tarkacen intanet ba. Hukumar tallafa wa binciken kimiyya ta Amurka ta kafa ɗaya daga cikin manyansu, NSDL, a shekarar 2000, sannan a 2002 Carl Wieman, wanda ya samu kyautar Nobel a fiziks a 2001, ya assasa PhET a Jami'ar Colorado domin ƙera gwaje-gwajen kwaikwayo da ake sarrafawa a kwamfuta. Jami'ar Rice ta fara fitar da littattafan OpenStax kyauta a 2012, Siyavula ta Afirka ta Kudu tana raba littattafan lissafi da kimiyya na sakandare, ita kuwa eGranary, wadda ke tara ɗimbin kayan karatu a faifan ajiya domin makarantun da ba su da intanet, ta samo asali ne daga wahalar da Cliff Missen ya gani lokacin da ya yi aiki a Jami'ar Jos.

Hukuncin yaɗa waɗannan kayayyaki ba shi da wuya. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya lissafa likitanci da hisabi cikin farillan kifaya, wato wajiban da idan wasu suka ɗauke su sauran al'umma sun kuɓuta, idan kuwa kowa ya bari duka sun yi laifi, kuma gargaɗi game da ɓoye ilimi sananne ne. Littafin da aka saki kowa ya kwafa ya kuma gyara ba tare da biyan kuɗi ba ya yi kusa ƙwarai da wakafi a ma'anarsa. Matsalar tana fara bayyana ne bayan an buɗe ƙofar.

Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya yi ikirarin da zai ba mutanen zamanin nan mamaki, cewa yawan littattafai a fanni guda yana iya zama cikas ga mai neman ilimi, domin koyarwa a wurinsa sana'a ce, kuma abin da take haifarwa shi ne malaka, wato ƙwarewar da ta zauna a jiki ta hanyar maimaitawa da zama da gwani. Shaɗibi, malamin Andalus da ya yi zamani da shi, bai hana ɗaukar ilimi daga littafi ba, amma ya gindaya sharaɗin cewa mai karatu ya riga ya san manufofin fannin da isɗilahin ma'abotansa, wato kalmomin da suka keɓanta da su. Idan aka auna taskokin yau da wannan ma'auni, za a ga cewa ba su rage wa malami nauyi ba, sun dai canza masa kama, domin wanda a da yake fama da rashin littafi yanzu yana gaban darussa masu yawa kan batu guda, kuma babu wanda zai gaya masa wanne ne zai shiga kan yaran da ke gabansa. Sanin hakan shi ne abin da masanin harkar koyarwa Lee Shulman ya ware a 1986 a matsayin ilimi na musamman ga malami, wanda ya bambanta da sanin fannin kansa: sanin inda ɗalibai suka saba tuntuɓe, kamar zaton da yawancinsu ke yi cewa dutse mai nauyi dole ya riga mara nauyi isa ƙasa, ko cewa ƙwan fitila na farko a layin waya yana shanye wutar kafin ta kai ga na biyu.

Mafi zurfin lamarin yana cikin gwajin kwaikwayo. Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma a kan wannan ƙa'ida kimiyyar gwaji ta ginu tun daga irin su Ibn al-Haisam, wanda ya rubuta littafi sukutum kan shakkunsa game da ra'ayoyin masanin taurari Baɗlimus. To amma ɗalibin da ke kallon lilo a fuskar kwamfuta, inda yake iya tsawaita zaren da yatsa, ya kawar da turjiyar iska gaba ɗaya, ya ma mai da gwajin zuwa duniyar wata, ba lilo yake gani ba, yana ganin abin da wani mai tsara manhaja ya rubuta ne game da lilo, bisa ƙa'idar lissafin da aka riga aka amince da ita. Manhajar ba za ta taɓa saɓa wa ƙa'idar ba, domin daga ita aka gina ta, saboda haka ba za ta iya zama shaida a kanta ba. A harshen malaman usulu, wannan naƙali ne, wato labarin da aka karɓo daga wani, wanda ya zo sanye da rigar mushahada, wato ganin ido. Dutsen da aka ɗaure da zare mai tsawon mita 1 aka rataye a bakin taga zai yi tafiya da dawowa cikin kusan daƙiƙa 2, kuma idan ɗalibai suka ƙirga lilo 20 da agogon waya, lambobinsu ba za su zo daidai da juna ba, kuma a cikin wannan saɓanin ne suke koyon abin da awo yake nufi da dalilin da ya sa ake maimaita shi.

Lissafi yana da nasa salon wannan ruɗani. A manhajar GeoGebra, wadda Markus Hohenwarter ya fara ƙerawa a Jami'ar Salzburg ta Ostiriya, ɗalibi na iya jan kusurwar alwatika duk inda ya so, yana kallon jimillar kusurwoyin uku tana tsaye a digiri 180 ba ta motsi. Wannan istiƙra'i ne, wato yanke hukunci daga yawan misalai, alhali abin da lissafi ke nema shi ne burhani, hujjar da ke nuna cewa ba zai yiwu abin ya kasance akasin haka ba, kuma ita wannan hujja layi ɗaya take buƙata, wanda aka ja ta kan ƙololuwar alwatikar daura da gindinta. A nan isnadin lissafi ya bambanta da na ruwaya, domin ba ya tuƙewa ga wani mutum amintacce, yana tuƙewa ne ga hankalin ɗalibin kansa, matuƙar an samu wanda ya tsaya a kansa har ya bi matakan da fensirinsa.

Wannan ba hujja ba ce ta ƙaurace wa taskokin, musamman ga makarantar da ɗakin gwaje-gwajenta ba shi da sinadarai, ko ga abubuwan da ido ba ya iya gani, irin su motsin ƙwayoyin iskar gas a cikin tukunyar da ake ɗumamawa, inda kwaikwayo ya fi zanen alli nesa ba kusa ba. Abin da amana ke wajabta wa malami shi ne ya faɗa wa ɗalibansa matsayin abin da suke kallo, kamar yadda mai ruwaya ke bambance abin da ya ji da kunnensa da abin da ya tsinta a rubuce, ya kuma haɗa kwaikwayon da gwaji na zahiri duk inda batir da waya da ƙwan tocila za su wadatar. Sharaɗin Shaɗibi kuwa yana nan daram, kuma yana da ɗaci: malamin da ya karanci fiziks sosai shi ne yake cin moriyar taskar fiye da kowa, yayin da wanda aka tura ajin fiziks don kawai babu wani, alhali fanninsa daban ne, ba shi da ma'aunin da zai gane darasi nagari daga mai kuskure. Faifan ajiya da na'urar hasken rana ba sa magance wannan, sai dai horon da ake ba malamai a kwalejojin ilimi da kuma zaman da ƙaramin malami ke yi da wanda ya daɗe yana karantar da fannin.