Wahalar da Mutum Ya Saya da Kuɗinsa

A jihar Tennessee ta Amurka akwai wani ɗan gari mai suna Wartrace, wanda mutanensa ba su kai dubu ba. Tun daga 1979, duk shekara a farkon watan Mayu, jama'a kan hallara a nan da sassafe domin tseren ƙafa na sama da kilomita 60 a kan titunan karkara masu hawa da gangara. Gary Cantrell ne ya ƙirƙiro tseren, ya sa masa sunan Strolling Jim, wani dokin garin da ya ci babbar gasa a 1939. An san tseren da wata tsokana: mai gudu na tsakiyar haki a kan hawa, sai ya ga an rubuta da fenti a kan kwalta cewa wannan ba tudu ba ne, wato tudun yana gaba. Nisan gudun famfalaƙi da duniya ta sani kilomita 42.195 ne, kuma duk abin da ya haura haka ya shiga wani aji dabam. Galibin masu shiga irin wannan ƙaramin tsere ba da gudu suke cin abinci ba. Mutane ne masu ayyukansu da iyalansu, sun biya kuɗin rajista da hannunsu, sun kuma san ba su za su zo na ɗaya ba. To, shin hankali da addini sun amince mutum ya sayi wahala irin wannan da kuɗinsa? A ganina sun amince, matuƙar wahalar hanya ce da ake bi zuwa wani abu. Ran da ta zama ita kanta ake nema, hukuncin ya juya.

Ya kamata a fara da sanin girman wahalar, don kada a yi hukunci a kan abin da ba a auna ba. Sukarin da jiki ke tarawa a hanta da tsoka ba ya wuce abin da zai kai mai gudu wajen kilomita 30, daga nan sai jiki ya koma dogaro da kitse, wanda ƙonewarsa ke da nawa. Shi ya sa ƙafa kan yi nauyi farat ɗaya, tunani ya dushe. A tseren tudu kuwa, gangara ta fi hawa ɓarna, domin tsokar gaban cinya ce ke riƙe jiki a kowane taku, tana miƙewa tana ɗauke da nauyi, har zarurrukanta su yi ta tsagewa kaɗan-kaɗan. Wanda ya tsaya bakin hanya wajen kilomita 50 zai ga mutum ya dafa gwiwoyinsa da hannu biyu yana tura kansa sama, gishirin gumi ya bushe fari a gefen fuskarsa da wuyan rigarsa. In ya kai ƙololuwa ya juyo gangara, sai ya riƙa sauka a sanƙare, yana ɗosana ƙafa, yana cije leɓe, faratan ƙafarsa na dukan gaban takalmi har wasu su yi baƙi su faɗi bayan makonni. Duk wannan kafin a zo ga tashin zuciya da ke hana shi haɗiyar abincin da jikinsa ke matuƙar buƙata.

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan aiki daga addini take fitowa, kuma bai dace a yi mata kwana ba. Buhari ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana huɗuba ya hango wani mutum, Abu Isra'ila, tsaye a rana. Aka ce masa mutumin ya yi bakance ne zai tsaya ba zama, ba shiga inuwa, ba magana, kuma zai yi azumi. Sai Annabi ya umarta a ce masa ya zauna, ya shiga inuwa, ya yi magana, amma ya cika azuminsa. A wani hadisin na Buhari da Muslim, ya ga dattijo ana riƙe da shi tsakanin 'ya'yansa biyu saboda ya yi bakancen tafiya a ƙasa, ya bayyana cewa Allah ba ya buƙatar azabar da mutumin yake yi wa kansa, ya ce ya hau abin hawa. Daga irin waɗannan ne Imam Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus da ya rasu a 1388, ya fitar da ƙa'ida a littafinsa Muwafaƙat: bai halatta mutum ya nufi wahala don kanta yana neman lada ba, abin da ya halatta shi ne ya nufi aikin, ko da aikin na tattare da wahala. Wanda ya karanta wannan ya dubi mutumin da ke ɗingishi a kan tudun Tennessee alhali ga motoci na wucewa, zai ce ai ga Abu Isra'ila na zamani.

Sai dai kwatancen ya kuskure a wuri biyu. Na farko, abin da aka hana mutanen nan biyu shi ne su mai da azaba ibada, su ɗauka cewa ƙunar rana ko ciwon ƙafa na kusantar da su ga Allah. Mai tsere bai yi wannan da'awa ba, kuma in ya yi, to ya faɗa cikin hanin. Na biyu, halinsa a kan hanya shi ke nuna abin da yake nema. Duk dabarar wannan gudu a kan rage wahala aka gina ta: a yi tafiya a kan hawa maimakon gudu, a fara a hankali ko da jiki na son sauri, a ci kafin yunwa ta zo, a shafa mai inda fata ke gogayya, a zaɓi takalmi mai yalwar gaba. Mai neman ciwo don ciwo ba zai shafe watanni yana koyon yadda zai kauce masa ba. Abin da yake so shi ne ya kai ƙarshen hanya da ƙafarsa cikin lokacin da aka yanka, wahalar kuma kuɗin da ake biya ce. Masanin falsafa Bernard Suits, a littafinsa na 1978, ya nuna cewa kowane wasa haka yake: mutane ne ke amincewa da wani shinge da ba dole ba, domin shingen ne ke samar da wasan. Shari'a kuwa ba ta ƙi wannan ba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi ya yi tseren ƙafa da Nana A'isha sau biyu, ta tsere masa a na farko, ya tsere mata a na biyu. Kuma a hadisin Ibn Umar, da Annabi ya shirya sukuwa a Madina, dawakin da aka horar an ba su zango mai nisa, waɗanda ba a horar ba aka ba su gajere. A nan akwai ma'auni mai kyau: nisan da ya dace da kowa gwargwadon shirinsa ne.

Halacci dai ba ya nufin amfani, kuma mai tambaya na da gaskiya in ya ce: kowa ya ci zomo ya ci gudu, to wannan da ya ci gudu, ina zomon? Ba lafiyar jiki ba ce, domin abin da likitoci ke nema ga lafiyar zuciya ana samunsa da motsa jiki da bai kai ko kusa da wannan ba. Ribar tana wani wuri. Akwai sanin kai da mutum ba ya samu sai ya isa inda ƙarfinsa ya ƙare, saura zaɓi kawai. A can ne yake gane cewa muryar da ke ce masa ba zai iya ba takan zo tun da sauran ƙarfi, kuma cewa mummunan hali na awa guda yakan wuce in an ci abinci an rage sauri. A can ne kuma yake ganin ko shi mai tsayawa ne ya taimaki wanda jijiya ta ɗaure wa ƙafa, ko mai wucewa ne. Imam Gazali, a babin horar da rai na Ihya'u, ya tafi a kan cewa ɗabi'a ta gari ana samunta ne ta hanyar tilasta wa kai aikinta har ya zama jiki, kuma Aristotle ya riga shi faɗin makamancin haka. Idan haƙuri abu ne da ake koya da maimaici, to wurin da ake maimaita shi na tsawon awa takwas ko goma yana da daraja. Ƙanƙantar tsere irin na Wartrace ma tana ƙara masa wannan daraja. Inda babu kyamarar talabijin, babu tukuici mai tsoka, babu 'yan kallo sai shanu a bayan shinge, ƙofar riya ta ƙuntata, mutum ya rage daga shi sai niyyarsa.

A nan wata suka takan taso, kuma tana da nauyi: wannan wahalar ƙoshi ce. Wanda ke tafiyar kilomitoci don ɗebo ruwa, ko ɗan gudun hijirar da ya ratsa daji a ƙasa, ba shi da motar da za ta ɗauke shi in ya ɗaga hannu. Gaskiya ne, kuma duk mai tseren da ya ɗauki kansa daidai da waɗannan ya yi ƙarya. Haƙurin da mutum zai iya ajiyewa duk sa'ad da ya so atisaye ne kawai, jarrabawar gaske ita ce wadda ba a zaɓa ba. Tarihin tseren Comrades na Afirka ta Kudu ya nuna fuskokin nan biyu. Vic Clapham, tsohon sojan Yaƙin Duniya na Farko da ya sha tattaki a gabashin Afirka, shi ya kafa shi a 1921 don tunawa da abokansa da suka mutu. Mutum 34 suka tashi daga Pietermaritzburg zuwa Durban, kusan kilomita 90 na tuddai, 16 suka kai. Wanda ya san wahalar dole ne ya ga dacewar a tuna da ita da wahalar ganin dama, kuma wannan ya isa ya nuna ba ƙoshi ne kaɗai ke haifar da abin ba. Amma wannan tseren da aka gina a kan zumunci bai buɗe ƙofarsa a hukumance ga baƙar fata da mata ba sai 1975, alhali Robert Mtshali ya kammala shi tun 1935 ba tare da an lissafa shi ba. Sama da shekara hamsin ana juriya a kan tudu, juriyar ba ta haifar da adalci ba. Gudu yana ƙarfafa niyyar da mutum ya zo da ita ne, ba ya dasa masa wadda ba shi da ita.

Saura maganar haɗari, wadda ita ce iyakar da ba a tsallakewa, domin Alƙur'ani ya hana mutum jefa kansa cikin halaka. A ranar 22 ga Mayu, 2021, a lardin Gansu na ƙasar Sin, ƙanƙara da ruwa da iska mai sanyi suka rutsa da masu tseren kilomita 100 a kan duwatsu, da yawansu sanye da gajeren wando da riga marar nauyi. Mutum 21 cikin 172 suka mutu. Ko a kan kwalta akwai haɗarin da ba a gani. A 1985 likita Tim Noakes na Cape Town da abokan aikinsa suka bayyana yadda yawan shan ruwa a dogon gudu ke tsinka gishirin jini har kwakwalwa ta kumbura. Ana kuma gargaɗin cewa shan maganin kashe ciwo irin su ibuprofen a tsakiyar tsere na iya taɓa ƙoda, musamman in tsoka ta riga ta farfashe. Malaman fiƙihu ba su sharɗanta rashin haɗari kwata-kwata ba, don da haka ne da hawan doki da tafiyar teku sun haramta. Abin da suke dubawa shi ne rinjayen zaton kuɓuta. Wanda ya yi horo na watanni, likita ya duba zuciyarsa, ya shiga tseren da ke da ruwa da masu agaji da lokacin rufewa, zatonsa na kuɓuta ya rinjaya. Wanda ya ga fitsarinsa ya koma baƙi-baƙi, ko kansa ya fara juyawa, ya ce sai ya ƙarasa ko ta halin ƙaƙa, shi ne ya koma matsayin dattijon da aka umarta ya hau abin hawa.

Haka nan haƙƙoƙin da ke wuyan mutum ba sa sauka don ya ɗaura lamba a ƙirji. Salmanul Farisi ya tarar da Abu Darda'i ya duƙufa ga azumi da tsayuwar dare har ya yi watsi da iyalinsa, ya tunatar da shi cewa Ubangijinsa da jikinsa da iyalinsa kowa na da haƙƙi a kansa, Annabi kuma ya gaskata Salmanu. Idan nafila ba ta isa ta cinye haƙƙin iyali ba, ina ga abin da iyakarsa halal? Shirin irin wannan tsere na cin awoyi da yawa kowane mako, kuma ranar tseren kanta na iya ratsa lokacin salla fiye da ɗaya. Wanda ya tsara rayuwarsa yadda babu wanda ya cutu, ya tsaya gefen hanya ya ba salla lokacinta ko da mintuna sun tafi, ya ajiye abin a muhallinsa.

Saboda haka ba a gane ingancin wannan aiki daga yawan kilomita ko tsinin tudu. Ana gane shi daga iko biyu da ya kamata su haɗu a mutum ɗaya: ya iya ci gaba lokacin da gajiya ce kawai ke ce masa ya tsaya, ya kuma iya tsayawa lokacin da jiki ko haƙƙin wani ya ce ya isa, ko da saura kilomita 5. Na biyun ya fi wuya, domin a nan girman kai ne ake kayarwa, kuma babu lambar yabo da ake bayarwa a kansa. Wanda ya mallaki ikon farko kaɗai, wahalar ce ta mallake shi. Wanda ya haɗa biyun ya biya kuɗi ya sayi abin da ya cancanci farashinsa.