Daidai Ne a Gwada Sabon Magani a Jikin Mai Ciwo?

Dukanmu mun san maganar nan da akan ce, zakaran gwajin dafi. A zamanin dā, in maharbi ya dafa sabon dafi, ba ya shiga jeji da shi sai ya gwada ƙarfinsa tukuna a jikin zakara, ba a kuwa tambayar zakara ko ya yarda. A watan nan muna so mu yi tunani tare a kan wata tambaya da ta taso a asibitocin Amurka da Jamus, watau ko daidai ne a roƙi mai ciwo ya zama na fari da za a gwada sabon magani a jikinsa, maganin da likita kansa bai san iyakar ƙarfinsa ba tukuna.

Bari mu fara bayyana maganin. Cikin jinin kowane mutum akwai fararen ƙwayoyi masu aikin tsaro. Wani kashi daga cikinsu, waɗanda likitoci ke kira ƙwayoyin T, su ne dakarun jiki, masu neman baƙuwar cuta su kashe ta. Ciwon daji kuwa daga cikin jiki yake tasowa, saboda haka dakarun sukan wuce shi, suna tsammani ɗan gida ne. Sai masana suka yi dabara. Sukan ɗebi jinin mai ciwo, su tace dakarun, su sa musu sabon umarni cikin halittarsu, domin su gane wata alama da ke jikin ƙwayoyin ciwon. Abin da ke kai umarnin ciki kuwa ƙwayar cuta ce wadda aka raba ta da muguntarta. Sa'an nan a bar dakarun su hayayyafa har su kai miliyoyi, a mayar da su cikin jijiyar mai su. Likitoci suna kiran wannan CAR-T. Mu lura da abu ɗaya, maganin nan rayayye ne. Ƙwayar magani in ta yi wa mutum yawa, sai ya daina sha, jiki ya fitar da ita. Wannan kuwa in ya shiga yana ƙaruwa da kansa, ba shi da sauƙin tsayarwa.

Kowane sabon magani yakan bi matakai na gwaji. A mataki na fari mutane kaɗan ne ake ba, babban nufin kuwa shi ne a san ko nawa jiki zai iya ɗauka, da irin lahanin da zai yi. Warkewa in ta samu, madalla, amma ba alkawarinta aka yi ba.

A shekarar 2010, a Jami'ar Fensilbaniya da ke birnin Filadelfiya (ta Amurka ce fa, ba wadda muka saba ji a Littafi ba), Likita Carl June da abokan aikinsa suka gwada dabarar a jikin mutum 3 masu sankarar jini, waɗanda magunguna suka riga suka kāsa. Na farinsu tsohon gandiroba ne mai shekara 65. Bayan an sa masa dakarun sai zazzaɓi mai tsanani ya kama shi, har aka kira iyalinsa. Amma ya tashi, aka duba, ciwon ya ɓace. Ya ƙara shekara 10 a duniya, cutar korona ce ta ɗauke shi a 2021. Cikin su 3 ɗin, 2 sun rabu da ciwon sarai, ɗaya ya sami sauƙi kawai.

A watan Afrilu 2012 aka kawo wata yarinya mai shekara 6, Emily Whitehead, asibitin yara na birnin. Sau biyu sankarar jini tana komo mata. Ita ce yarinya ta fari da aka yi wa wannan magani, a hannun Likita Stephan Grupp. Dakarun suka tashi da faɗa har suka kusa hallaka gidan da suke tsaro. Jikinta ya yi zafi ƙwarai, jininta ya sauka, sai na'ura ce ke yi mata numfashi. Da aka auna jininta aka ga wani sinadari mai hura kumburi ya hau ƙwarai da gaske. Likita June kuwa ya san wani magani mai danne shi, tosilizumab, gama 'yarsa tana da ciwon gaɓoɓi, ita ma shi ake ba ta. Aka ba Emily, zazzaɓin ya sauka, ta farka a ranar da ta cika shekara 7. A 2022 ta cika shekara 10 ba ciwon.

Labarin nan ya zaga duniya, ya kuwa isa a yi godiya dominsa. Amma akwai wani wanda ba a cika faɗa ba. A 2016 kamfanin Juno yana gwada nasa irin a jikin manya masu sankarar jini, sai mutum 3 suka mutu da kumburin ƙwaƙwalwa. A watan Yuli hukumar magunguna ta Amurka ta tsai da gwajin. Kamfanin ya ɗora laifin a kan wani magani da ake bayarwa kafin dakarun, aka cire shi, ba a yi mako guda ba aka ce a ci gaba. A watan Nuwamba waɗansu 2 suka mutu da irin kumburin nan. A 2017 aka bar maganin ɗungum. Su 5 ɗin nan ma sun sa hannu a takarda kamar yadda iyayen Emily suka sa.

To, me za mu ce? Tun 1947, bayan shari'ar likitocin Jamus da suka yi gwaji a jikin fursunoni, aka kafa ƙa'ida a birnin Nurembag, cewa ba za a gwada kome a jikin mutum ba sai da yardarsa, da sani, ba tilas. Wannan ne ya raba mutum da zakara. Amma mu da muke zama a bakin gadon marasa lafiya mun san yardar mai ciwo wace iri ce. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Likita yana cewa gwaji, uba yana jin magani. Likita yana karanta masa jerin lahani, shi kuwa idonsa na kan ɗansa. Ba wanda ya tilasta shi, amma wa zai ce zuciyarsa a sake take?

Waɗansu sukan ce, ai mutumin mutuwa zai yi ko yaya, ba abin da zai yi hasara. Mu ba mu yarda da wannan ba ko kaɗan. Mai wata 3 a gaba yana da wata 3, nasa ne kuwa. Yana iya kwana a ɗakinsa, ya sallami 'ya'yansa, ya biya bashi, ya nemi gafara wurin ɗan'uwan da suka yi shekaru ba sa magana. Mun ga mutane sun gama cikin makonnin ƙarshe abin da suka kāsa yi cikin shekara 40. Wanda ya shiga gwaji yana iya musanya wannan duka da kwana 10 a kan na'ura, a garin da ba nasa ba, bai san wanda ke kansa ba. Duk wanda ya ce masa ba shi da abin hasara ya raina ragowar ransa.

Waɗansu kuma sukan ce, in haka ne a hana. Wannan ma ba mu iya binsa. Ba maganin da ke hannunmu yau wanda wani bai fara sha ba. In an hana, an rufe wa mai ciwo ƙofa ta ƙarshe, an kuma ƙwace masa ikon yin kyauta. Gama a ganinmu wanda ya shiga mataki na fari mai bayarwa ne fiye da mai karɓa. Yana ba da jikinsa aro domin waɗanda za su zo bayansa, waɗanda ba zai taɓa ganinsu ba. Kyauta kuwa ba ta zama kyauta sai mai ita ya san abin da yake bayarwa. In an bar shi yana zaton magani kawai ya zo karɓa, to, an karɓe abin ne a hannunsa cikin duhu.

Al'amarin ya ƙara wuya da aka kai dabarar wajen wani irin ciwo. Akwai cututtukan da tsaron jiki ke juyawa ya yaƙi mai shi, kamar lufus, mai cin ƙoda da gaɓoɓi da fata, wanda ya fi kama mata masu ƙuruciya. Masu hura wannan faɗa ƙwayoyin B ne, alamar nan kuwa da aka koya wa dakarun tana jikinsu su ma. A 2021, a garin Erlangen na Jamus, Likita Georg Schett da Likita Andreas Mackensen suka yi wa wata budurwa mai shekara 20 maganin, ciwon ya kwanta. A 2024 suka ba da labarin mutum 15, 8 masu lufus, 4 masu ciwon taurin fata, 3 masu kumburin tsoka, dukansu sun daina shan magungunan danne tsaron jiki. Abin murna ne. Amma da yawa cikin masu irin ciwon nan suna iya yin shekaru masu yawa da magungunan da aka saba. Kafin a sa dakarun kuma sai an ba mutum magani mai dafi irin na ciwon daji, domin a share musu wuri. A Janairu 2024 hukumar Amurka ta umarta a rubuta gargaɗi a kan magungunan nan, cewa dakarun da aka sāke suna iya zama ciwon daji da kansu, ko da yake abin ba shi da yawa. Mai wata 3 ba zai damu da haɗarin da ke zuwa bayan shekara 10 ba. Budurwa mai shekara 20 kuwa dole ta auna shi.

Wani zai ce, ai wannan ya fi, tun da wanda ruwa bai ci ba yana iya zaɓe da natsuwa. An taɓa yin wannan tunani. A 1999, a jami'ar nan ta Fensilbaniya, ana gwada wata dabara ta gyaran halitta domin wani ciwon hanta mai kashe jarirai. Aka ga iyayen jariri mai mutuwa ba za su iya cewa a'a ba, saboda haka aka nemi manya masu ciwon da sauƙi. Wani saurayi mai shekara 18, Jesse Gelsinger, wanda ke riƙe nasa ciwon da kiyaye abinci da shan magani, ya miƙa kansa domin jariran. Kwana 4 bayan allurar ya mutu. Da aka yi bincike sai aka tarar takardar da ya sa wa hannu ba ta faɗi cewa birai sun mutu a gwajin dabbobi ba, ba a kuma kai rahoton lahanin da ya sami waɗansu da suka riga shi yadda ya kamata ba. Shugaban binciken kuma yana da hannun jari a kamfanin da zai ci riba. Saurayin nan ba a cikin ruwa yake ba, duk da haka yardarsa ta gurgunce, gama an ɓoye masa gaskiya.

Saboda haka nauyin yana wuyan mai roƙo. Ya faɗa da baki, da harshen da mai ciwo ke ji, cewa ba a san ƙarshen abin ba. Ya faɗi wanda ya mutu kamar yadda yake faɗin wanda ya warke. In yana da rabo cikin ribar, ya faɗa. Ya bar mutum ya koma gida ya kwana da maganar, ya kuma tabbatar masa in ya ƙi ba za a rage masa kulawa ba. Mu ma da akan kira mu ba da shawara, kada mu tura ɗan'uwa da cewa ƙin gwaji rashin bangaskiya ne, kada kuma mu hana shi da cewa shiga gwaji gwada Allah ne. Shi ne mai jikin. Namu mu taimake shi ya yi tambayoyin da tsoro ya hana shi yi.

Akwai kuma bashi. A watan Agusta 2017 hukumar Amurka ta yarda a sayar da maganin da aka gwada a jikin Emily, da sunan Kymriah, kamfanin Novartis kuwa ya sa kuɗinsa dala 475,000, ban da kuɗin asibiti. Ba mu musun cewa aikin yana da tsada, gama kowane mutum ana yi masa nasa dabam. Amma waɗanda suka ba da jikinsu domin na baya suka bayar, ba su ware masu kuɗi ba. Masana a ƙasar Indiya sun kama wannan hanya. A 2021 suka fara gwada nasu irin a asibitin Tata da ke Mumbai, a Oktoba 2023 gwamnatinsu ta yarda da shi, kuɗinsa kuwa kusan kashi ɗaya ne cikin 10 na na Amurka. Can ma sai da aka zauna da waɗansu marasa lafiya, aka roƙe su su zama na fari.