Ihun taro, bakin wa?

Yau zancen wasa na kawo muku. Amma zancen yana da nauyi, don haka ku ba ni hankalinku.

Da ranin da ya wuce, bayan an kai amfanin gona gida, aka yi wasan ƙwallo a nan Gidan Rumji. Yaran kwalejinmu suka karɓi baƙuncin yaran wata kwaleji daga gabas, wajen Agye. Fili ya cika. Masu ganga sun zo, masu tallan gyaɗa da rake sun zo, yara sun hau bisa itatuwa. Ni ma ina nan, bayan ragar baƙi.

Mai tsaron gidansu yaro ne siriri, bai wuce shekara 15 ba. Da ƙwallon farko ya shige shi, sai wani ya ce: "Rariya!" Muka yi dariya, muka ɗauka gaba ɗaya. Can sai wani ya lura takalmin yaron ya yage, an ɗinke shi da zaren buhu. Sai kirarin ya sake. Aka koma cewa: "Ɗan matsiyaci! Ubanka ya kasa saya maka takalmi!" Taro ya ɗauka. Ni da nake koya wa manya karatu, ni ma na ɗauka, har ina tafi.

Kusa da ni akwai wani dattijo. Tun da aka fara bai ce uffan ba. Na taɓa shi, na ce: "Baba, kai ba ka taya mu?"

Ya dube ni, ya ce: "Ɗana, wannan matsiyacin da kuke faɗi, ni ne. Wake na sayar na yi kuɗin mota, don in ga yarona yana wasa."

Ban sami abin cewa ba. Mun ci wasan, amma ban yi barci mai daɗi ba a daren nan. Tun ranar nake tambayar kaina: in mutum ɗari biyar suka yi zagi tare, laifin na wa ne? Kuma ina iyakar ihun da ya halatta a filin wasa?

Kada wani ya ce ina so a yi kallo shiru kamar zaman makoki. A'a. Mu mutanen sowa ne, kuma sowa tana da amfani.

Ku tuna gayya. In samari suka jeru da hauya a gonar wani, makaɗi yana bayansu. Wanda hannunsa ya mutu, da ya ji an kira sunansa da na ubansa, sai ƙarfi ya dawo masa. Makaɗin bai noma ko kunya ɗaya ba, amma da shi aka gama gonar.

Haka yake a kokowa. A shekarar 1975 aka fara kokowar ƙasa a Tawa, kuma ɗan jihar Maraɗi ne, Yakuba Kantu, ya ci ta farko. Shi ya sa filin kokowar Maraɗi yake ɗauke da sunansa. Yanzu jihohi 8 ne suke haɗuwa, kowace da ƴan kokowa 10, ana neman takobi. Wa zai iya kallon wannan babu kiɗa, babu kirari, babu guɗa, babu ƴan cali-cali masu ba da dariya? Ɗan kokowa ya yi wata da watanni yana motsa jiki. In ya shigo fili ya ji garinsu na kiran sunansa, ya san wahalarsa ba ta tafi banza ba. Wannan sowa sadaka ce. Ba ta cin ko dala, amma tana ƙara wa mutum zuciya.

To, tunda ihu yana iya ɗaga mutum, yana iya kayar da shi. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Bari in kai ku nesa ku ga misali.

A Amurka, ɗaliban jami'o'i suna wani irin ƙwallo da ake ɗauka da hannu ana gudu ana ture-ture. Mutanen can suna son sa kamar yadda muke son kokowa. Filin jami'ar Mishigan kaɗai yana ɗaukar mutum fiye da 100.000, wato ya fi mutanen garin Gidan Rumji yawa nesa ba kusa ba. A shekarar 1988, a jami'ar jihar Luwiziyana, ƴan gida suka ci wasa dab da tashi. Ƴan kallo suka yi tsalle da ihu, har na'urar auna girgizar ƙasa da ke cikin jami'ar ta rubuta motsin.

A wannan wasa, kafin a saki ƙwallo, sai jagoran ƴan wasa ya faɗa wa abokansa dabarar da za a yi. Dole su ji muryarsa. Ƴan kallo sun gane haka. In nasu ne ke riƙe da ƙwallo, sai su yi tsit. In baƙi ne, sai su cika fili da ihu don kada baƙin su ji juna. A jami'ar jihar Misisipi har ƙararrawar da ake rataya wa shanu suke zuwa da ita. Hukumar wasannin yankinsu ta hana ta a 1974. A 2010 aka yarda ta dawo, amma da sharaɗi: akwai lokacin kaɗawa, akwai lokacin ajiyewa, kuma in ƴan kallo suka saɓa, makarantarsu ce za ta biya tara.

Alƙalin wasa ma bai tsira ba. A 2002 wasu masana a Ingila suka tara alƙalan ƙwallon ƙafa 40, suka nuna musu hoton wasa guda. Wasu suka kalla da ƙarar ƴan kallo, wasu suka kalla shiru. Waɗanda suka ji ƙarar sun rage kama ƴan gida da laifi da wajen kashi 15 cikin 100. Ba cin hanci aka ba su ba. Kunne ne ya ja ido. Sannan a 2020, lokacin cutar korona, aka yi wasanni a Turai babu ɗan kallo ko ɗaya. A ƙasashe da yawa aka ga rinjayen ƴan gida ya ragu.

Kun gani ke nan. Mai kallo yana cikin wasa, ko bai taɓa ƙwallo ba. Wanda kuwa yake da hannu cikin abu, yana da rabo cikin ladansa, yana da rabo cikin alhakinsa.

Na kai wannan zance ajinmu na dare. Mutane suka kawo hujja biyu, kuma ba na raina su.

Ta farko: "Malam, ai wasa ne. Ba mu da wasan taubasai? Bagobiri ya ga Bazabarme ya ce masa bawana, Bafillace ya ga Babarbare ya tsokane shi, babu mai fushi." Gaskiya ne. Wannan al'ada tamu ce mai daraja, har hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon duniya a 2014. Amma ku duba yadda take tafiya. Taubashi yana tsaye gabanka. Ka faɗa masa, ya rama, ku yi dariya tare, in yana jin yunwa ka ba shi fura. Yaron nan kuwa ina zai rama wa mutum ɗari biyar? Ya juya mana baya, yana tsaron raga. In ya buɗe baki, alƙali ya kore shi. Wasan da ɗaya ke dariya ɗaya ke haɗiye hawaye ya tashi daga wasa.

Ta biyu: "Malam, ba ni na fara ba. Ko na yi shiru, sauran ba za su bari ba. Muryata ɗaya me ta ƙara?" Wannan ita ce hujjar da na ba kaina a daren nan. Na juya ta, na ga ba ta tsaya ba. Ku ɗauki damin gero. Babu zangarniyar da za ta ce ita ce damin. Amma in kowace ta ce ba ruwanta ta zare, damin ya watse. Taro ba shi da baki nasa na kansa. Bakina ne da naka da na wancan. Kunnen dattijon nan ba taro ya ji ba. Ni ya ji, don ni ke kusa da shi.

Akwai kuma wani abu da na lura. Cikin taro kunya takan gudu. Mutumin da ba ya iya ɗaga ido gaban surukinsa, sai ka ji shi yana ashar a fili, surukin yana bayansa. Yana jin babu mai ganinsa. To in halinmu na kirki ba ya tsayawa sai ana kallonmu, ashe tsoron ido ne muke da shi. Filin wasa wurin gwaji ne. A nan mutum yake sanin ko kunyarsa ta kai zuci.

Magana zarar bunu ce. Faɗan filin wasa ba ya farawa da dutse. Da baki yake farawa. Zagi ya kawo jifa, jifa ta kawo gudu, gudu ya kawo turmutsitsi.

Ran 9 ga watan Mayu 2001, a birnin Akara na ƙasar Gana, manyan ƙungiyoyi biyu suka kara, Hearts of Oak da Asante Kotoko. Dab da tashi, wasu ƴan kallo suka fusata da hukuncin alƙali, suka shiga jifa da kujeru da kwalabe. Ƴan sanda suka harba barkonon tsohuwa. Jama'a suka ruga ƙofa, ga ƙofofi a rufe. Mutum 126 suka mutu. Yawancinsu ba su jefi kowa ba. Kallo kawai suka zo, an bar musu tuwo a gida.

Filinmu ƙarami ne, Allah ya kiyaye mu da irin wannan. Amma ko a ƙauye, mun san garuruwan da suka daina cin kasuwar juna wata da watanni saboda wasan yara. Wasa ya ƙare cikin awa biyu, gaba ta zauna.

Yanzu ga ma'auni uku da na yi wa kaina. Kafin in buɗe baki a fili, sai in tambayi zuciyata.

Na ɗaya: abin da zan faɗa, zai ɗaga namu ne, ko zai karya ɗan wani?

Na biyu: zan iya faɗar sa in mu biyu ne kawai, ido da ido, uban yaron yana zaune?

Na uku: in yaranmu suka je Gazawa ko Cadawa aka yi musu haka, zan ce an kyauta?

Abin da ya tsallake ukun nan, a yi shi da ƙarfi. A buga ganga, a yi kirari, mata su rangaɗa guɗa har a ji a Tibiri.

Saura tambaya ɗaya mai wuya. Ihun da babu zagi cikinsa fa, amma an yi shi don a ruɗa baƙo, kamar lokacin da zai buga fanariti? Mutanen Amurka sun yarda da shi. Hujjarsu ita ce: yau a gidanmu, gobe a gidanku, kowa zai ɗanɗana. Hujjar tana da ƙarfi in manya ne, waɗanda wasa ya zama sana'arsu. Amma ni a ganina, yaran makaranta daban ne. Mun tura su lakwal don su koyi gaskiya da haƙuri. In suka ga iyayensu suna murna da nasarar da aka samu ta hanyar firgita baƙo, wane darasi suka ɗauka? Kuma baƙo a wurinmu, ruwa ake fara ba shi. Ban san ranar da aka cire filin ƙwallo daga wannan doka ba. Na san wasu cikinku ba za su yarda da ni ba, kuma ina so in ji hujjarsu.

Shi kuwa alƙalin wasa, babu gardama a kansa. Mutum ne mai ido biyu, zai yi kuskure. In muka tsorata shi har ya busa usur don ya tsira da ransa, nasarar da muka samu daidai take da awo da tiyar da aka lotsa.

Gyara ba ya bukatar kuɗi. Kafin wasa, dattawan gari su tarbi baƙi, a ba su ruwa da inuwa. Makaɗa su san su ne jagoran taro: in zagi ya taso, su sake kiɗa, taro zai bi su. In ɗan wasan baƙi ya yi bajinta, a tafa masa, ba za a rage mana komi ba. Ku dubi ƴan kokowa. Sau nawa muka ga wanda ya yi kaye ya miƙa hannu ya ɗaga wanda ya faɗi? Su da suka sha ƙasa sun rungumi juna. Mu da ke zaune a inuwa, me ya yi mana zafi?

Kuma kowa ya tsare na kusa da shi. Ba ka iya tsai da mutum ɗari biyar, amma kana iya taɓa kafaɗar abokinka ka ce: "Haba, bari, ɗan wani ne." Da wani ya yi mini haka a ranar, da ya taimake ni.

Da aka tashi wasa na bi dattijon nan har tasha. Na durƙusa na ce: "Baba, ka yafe mini." Ya ce: "Na yafe, ɗana. Amma ba ni kuka yi wa ba, yaron kuka yi wa." Na duba cikin mota. Yaron ya haɗa kai da gwiwa, takalmin yana hannunsa. Kafin in sami abin faɗa masa, direba ya ja mota. Har yau bashin yana kaina.

Ƴan uwa, ku karanta wannan a ajinku, ku yi shawara a kai. Wanda ya iya riƙe alƙalami ya rubuto mana ra'ayinsa, ko da layi uku ne: shin ruɗa baƙo da ihu dabara ce, ko zamba? Za mu karanta wasiƙunku. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.