Tsawa da Ƙuri'a a Tsohuwar Rum

A zamanin jamhuriyar Rum, ba a zaɓen manyan shugabanni sai an nemi izinin Jufita, babban abin bautar Rumawa. Jami'in da zai jagoranci taron zaɓen yakan tashi tun da sauran dare, ya keɓe wuri, ya zuba wa sama ido yana jiran walƙiya, tsawa ko tashin tsuntsaye. Ba ya tambayar ko shawarar da za a yanke mai kyau ce. Abin da yake nema shi ne ko yau ranar yanke ta ce. In alama ta ƙi, sai a watse a jira wata rana. Ko farfaɗiya ce ta kada wani ana cikin taro, an tashi ke nan.

Babban taron yana zama a Filin Maris, wajen iyakar birni mai tsarki, inda ake kasa 'yan ƙasa rukuni 193 gwargwadon dukiya, su zaɓi kwansul biyu da za su yi mulkin shekara. Masu fassara alamun kuwa 'ya'yan manyan gidaje ne, su ne kuma ke takarar muƙaman. Shin abin imani ne, ko dabarar taka wa talaka birki?

Shekara ta 59 kafin Miladiyya ta ƙarfafa zargin dabara. Kwansul Bibulus ya so hana dokar rabon gonaki ta takwaransa Yuliyus Kaisar. Da aka juye masa kwandon kashi a ka a dandali, sai ya kulle kansa a gida yana aika sanarwa cewa yana duban sama. Kaisar, wanda shi ne ma shugaban addinin birnin, ya yi kunnen uwar shegu, dokokinsa suka wuce.

Sai dai akwai labarin Tiberiyus Girakus babba, kwansul na shekara ta 163 kafin Miladiyya. Bayan ya gudanar da zaɓe ya tafi Sardiniya, can ya tuna ya tsallaka iyakar birni bai sake neman alama ba. Ya rubuto ya faɗi haka, zaɓaɓɓun biyu suka sauka daga mulki. Da wuya mutane su bar kujera a kan abin da kowa ya ɗauka wasa.

Sisero, wanda shi kansa mai duban alamu ne a hukumance, ya yi shakkar gaskiyar duban a littafinsa na shekara ta 44 kafin Miladiyya, amma ya ce a riƙe al'adar saboda amfaninta ga ƙasa.