Ɗori Ko Aikin Asibiti: Wa Ke Da Ta Cewa A Kan Dantsen Tsoho?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, akwai wata matsala da takan raba kan 'yan'uwa a gidaje da yawa na ƙasar Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi. Misalinta shi ne, tsohuwa ta zame a bakin rijiya, dantsenta ya karye daga wajen kafaɗa. Nan da nan sai 'ya'ya su kasu biyu. Babban ya ce a kira mai ɗori, don da shi aka gaji iyaye da kakanni. Ƙaramin, wanda ya yi boko, ya ce sai Gusau, ko Sakkwato, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano, a yi aiki a sa ƙarfe. Ita kuwa mai hannun tana kwance, ba wanda ya tambaye ta.

To, da farko dai neman magani ba ya warware tawakkali. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Manzon Allah ya yi umurni da a nemi magani, ya kuma bayyana cewa kowace cuta tana da magani, in banda tsufa. Ashe ke nan karayar tsoho cuta ce da za a nema wa magani, ba a ce ai shekaru ne a zuba ido ba. Amma kuma togewar da aka yi wa tsufa tana tunatar da cewa jikin ɗan saba'in ba ya ɗaukar abin da na ɗan talatin ke ɗauka.

Na biyu, ba a yin hukunci a kan abin da ba a sani ba. Babu mai sanin irin karaya sai an ɗauki hoton ƙashi. Idan ƙashi ya huda fata, ko kan ƙashin ya goce daga gurbinsa, ko yatsu suka yi sanyi suka daina ji, to wannan ba ta mai ɗori ba ce, jinkiri a nan laifi ne. Haka kuma ɗaure karare tamau a kan kumburi yakan hana jini gudu, har hannu ya ruɓe a yanke shi. Shari'a ba ta yi sassauci a nan ba, domin ya zo a hadisi cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilmin ba, shi ke da lamunin ɓarnar da ya yi.

Amma fa kada ɗan boko ya ɗauka wuƙa ita ce ƙarshen ilmi. A 2015 likitocin Ingila sun bayyana sakamakon wani bincike a kan mutum 250 masu karaya a saman dantse, galibinsu masu manyan shekaru. Rabi aka yi musu aiki, rabi kuwa aka rataye musu hannu a wuya da ƙyalle, aka bi da motsa kafaɗa sannu a hankali. Bayan shekara biyu ba a sami wani bambanci na a zo a gani ba a tsakaninsu. Ga shi kuwa aiki yana tafe da nauyinsa: maganin barci ga mai hawan jini ko ciwon sukari, da kuɗin da sai an sayar da gona ko shanu, da tafiya a hanyoyin da 'yan bindiga suka addaba a shekarun nan. Watau wani lokaci ɗan da ya nace a kan aiki, ba hannun uwarsa yake wa magani ba, bakin mutane yake gudu, kada a ce ya yi rowa.

Na uku, shi ne haƙƙin mai jikin. Buhari ya kawo cewa a ciwon ajalin Annabi, iyalinsa sun ɗura masa magani bayan ya yi musu nuni da kada su yi, da ya farfaɗo bai yarda da abin da suka yi ba. Tsufa ba ya ɗauke wa mai hankali ikon kansa. Biyayya ga iyaye ba ita ce a yanke musu shawara a zaure ba. Ita ce a kai su ga masani, a fassara musu maganar likita ba ƙari ba ragi, sa'an nan a saurari zaɓinsu. Wata tsohuwar ba ta bukatar ɗaga tulu kuma, burinta ta kai loma baki, ta yi alwala da kanta. Ko a wajen tsarki ma addini ya sauƙaƙa, don malaman Malikiyya sun halatta shafa a kan ɗauri, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Halilu.

Saboda haka tsarin da ya dace shi ne: hoto tukuna, sa'an nan shawarar masani, sa'an nan yardar mai hannu. Wanda ya bi wannan, ko hannun bai miƙe kamar da ba, ya sauke nauyin da ke kansa, don waraka ta Allah ce.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya sa 'ya'ya su gama da iyayensu lafiya, amin.