Cacar Sukuwa: Wasa Ne Ko Zunubi?

Mu mutanen ƙasar Katsina ba wanda za ya koya mana son doki. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ya kafa wasan ƙwallon doki a birninsa, ɗansa Usman Nagogo kuwa ya yi suna a cikinsa har ƙasashen waje. Doki halitta ce mai kyau, kallon gudunsa kuma ba laifi ba ne. Amma akwai wata tambaya da samarinmu na Babban Duhu da kewayen Batsari da Safana su ke yi: idan mutum ya sa ɗan kuɗinsa a kan dokin da za ya zo na fari, wa ya cuta? Ya kamata mu amsa masu da hankali, gama tsawa kaɗai ba ta warkad da kowa.

Bari mu fara duba yadda abin ya ke. A 1867 wani mutum a Paris, Joseph Oller, ya ƙago hanyar da a ke bi har yau. A kan tara kuɗin masu caca duka wuri ɗaya, masu shirya wasan su ɗebi rabonsu tukuna, sauran a raba wa waɗanda su ka ci. A 1954 aka ƙara wani salo a Faransa, watau mutum ya faɗi dawaki uku da za su zo gaba. A filin Vincennes dawaki su kan ja keke mai ƙafa biyu da sassarfa, wanda ya ɓarke da sukuwa a fid da shi. Maƙwabtanmu na Maraɗi su kan sayi takarda a kan dawakin Faransa waɗanda ba su taɓa gani da ido ba. Yanzu kuwa ba sai an je ko'ina ba, wayar hannu ta kawo filin sukuwa cikin aljihun yaro, har da tseren dawaki da na karnuka waɗanda na'ura ce kawai ta zana su.

To, mu yi lissafi. A ce mutum 100 kowa ya zuba naira 1,000, ya zama 100,000. A ce masu wasan sun ɗebi kashi ɗaya cikin huɗu, saura 75,000. Idan aka sake zuba wannan, saura 56,250. A karo na uku abin da ya rage bai kai rabin na farko ba. Wani ya ci, ya yi murna, aka ji labarinsa a kasuwa. Amma jama'ar gaba ɗaya ta rame, kuɗin kuma ya bar gari. Mai shirya caca ba ya bukatar sa'a, nasa rabon tabbatacce ne.

Wani za ya ce, ai noma ma caca ne, tun da shi ke manomi ya kan binne iri bai san ko ruwa za ya zo ba. Maganar tana da kama da gaskiya, amma ku lura da bambancin. Sa'anda gonarka ta yi kyau, ba rumbun kowa ya ragu ba, hatsi ne ya ƙaru a duniya, har maƙwabci ya kan sami na kunu. A adashi kuma kowa ya kan kwashi abin da ya zuba. Amma a caca ba a haifar ko ƙwaya ɗaya. Ba za ka ci ba sai ɗan'uwanka ya faɗi, zuciyarka kuwa tana fatan faɗuwarsa tun kafin a saki dawaki. Wannan shi ne ƙyashin abin maƙwabci da doka ta goma ta hana. Mu tuna kuma, a gindin gicciye sojoji ƙuri'a su ka jefa a kan rigar Ubangijinmu, idonsu yana kan riga, ba su ga mai rigar ba.

Wani kuma za ya ce, kuɗina ne. Anya? A ƙasarmu ta bakin Dajin Rugu, inda ɓarayin daji su ka raba iyalai da yawa da shanunsu da gonakinsu, kowace tiya ta gero tana da masu jiranta: mata, da yara 'yan makaranta, da tsohuwa, da gwauruwar da ke maƙwabtaka. Mun san abin da ke tura saurayi ga caca sau da yawa ƙunci ne, yana neman ƙofar fita da sauri. Amma banza ba ta kai zomo kasuwa.

A 1926 aka buɗe filin tseren karnuka na Belle Vue a Manchester ta Ingila. Karnuka su kan bi zomon ƙarya wanda inji ke ja, an kuwa shirya shi domin kada su kama shi daɗai. An rufe filin a 2020. Mutanen Florida ta Amurka ma sun jefa ƙuri'a a 2018 su ka kashe wannan wasa a jiharsu. Kare dai ba shi da laifi, bai san zomon na ƙarya ba ne. Mu da aka ba hankali da lissafi, ina hujjarmu?

Saboda haka amsarmu ke nan: a kalli doki a yabi Mahaliccinsa, amma kada a ɗora masa abincin gida. Ya ku dattawan ekklesiya, idan wani cikinmu ya faɗa wannan rami, kada mu maishe shi abin ba'a a bakin majami'a, gama kunya ita ke sa ɗan caca ya ɓoye bashinsa har ya yi masa yawa. Mu je wurinsa a asirce, mu zauna da shi da matatasa, mu lissafta bashin, mu taimake shi da iri ko ɗan jari. Manzo Bulus ya gargaɗi Afisawa su yi aiki da hannuwansu domin su sami abin ba mabukata. Bari Allah ya ba mu wadar zuci, mu ci guminmu da godiya.